Baba Fes da Bindigogin Yayansa

Baba Fes ya yi dukan rayuwarsa ta aiki a ɗakin wanke kayan tiyata, can ƙuryar asibiti, inda ba mai leƙawa sai mai tura keken kaya. Almakasai, 'yan wuƙaƙe, ƙarafunan matse jijiya, duk ta hannunsa suke bi kafin a kai su tukunyar tururi. Idan ya wanke abu sai ya ɗaga shi gaban fitila, ya juya, ya sake juyawa, in ya ga ko alamar tabo ce ya mayar cikin ruwa. Ma'aikatan jinya ne suka laƙaba masa sunan, don duk abin da ka miƙa masa amsarsa ɗaya ce: "Ajiye nan, yanzu zan yi masa fes." Sunan ya biyo shi gida, har jikokinsa ba su san yana da wani ba.

Matarsa, wadda yake kira Maman yara, takan ba baƙi labarin ranar da ta kama shi a banɗaki yana wanke sabulu.

"Gashi ne ya manne a jikinsa," in ji shi.

"Na ji, Malam. To ruwan da ka wanke shi da shi, wa ya wanke maka?"

Da ya yi ritaya gidan ya yi masa kaɗan. Ya kwance fanka ya wanke fukafukanta, ya goge gindin tukwanen da suka shekara da baƙinsu lafiya, ya cire ragar taga ya dirje. Maman yara ta ce in bai nemi abin yi a waje ba, wata rana za su farka su tarar ya goge fentin bango.

Abin yin ya zo ta hanyar da ba wanda ya so. Baba Fes yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda kowa a dangi yake kira Yaya. Mahaifiyarsu takan ce ƙaramin da soso a hannu ta haife shi, babban kuwa da ƙasa a baki. Yaya yana da rumfar harbi a wurin shaƙatawa na bayan gari, tsakanin babban lilo da keken mai askirim. Kanta ce ta katako, an ɗaure bindigogin iska guda shida a jikinta da 'yar sarƙa. Can gaba akwai allo da ake manna balan-balan, bayan allon kuma buhunan yashi ne aka jera har sama, don kada harsashi ya wuce. A gefe ga kantoci cike da 'yan tsana da ƙwallaye da agogunan roba, wanda ya fasa balan-balan yadda aka ce ya zaɓi ɗaya. Aljihun Yaya kullum da nauyin ƙwayoyin dalma, yatsunsa toka-toka, dariyarsa kuma ana jiyo ta daga ƙofar shiga.

Wata safiya yana buɗe kwaɗon rumfar ya zube. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta dawo masa a hankali, tana jan ƙafa, amma hannun ya ƙi. Likita ya ce a dinga motsa shi, a ba shi ƙwallon roba ya dinga matsawa. Yaya ya juya fuskarsa bango.

Ƙa'idar wurin shaƙatawar ita ce rumfar da ta daɗe a rufe ana ba wani. Yaya ya san da haka. A gadon asibiti ya kamo rigar ƙanensa da hannun hagu.

"Rumfar... kada ta mutu."

"Tana nan har ka tashi," in ji Baba Fes.

A hanyar gida ya ce wa matarsa, "In rumfar nan ta tafi, mutumin nan ba shi da abin da zai miƙe dominsa."

Ranar farko da ya buɗe, ya ɗauki bindiga ɗaya yana jujjuyawa. Irin wadda ake karyawa a tsakiya ce, a ɗana sifirin, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ke cikinta, da ƙarfin hannu, a sa ƙwayar dalma ɗaya, a mayar. Ya karya ta, ya ɗaga bututun wajen haske kamar yadda ya saba ɗaga almakashi, ya leƙa. Ciki dishi-dishi, launin toka.

"Kai, Yaya!" ya faɗa shi kaɗai. "A cikin wannan ƙazantar kake ci kake sha?"

Kafin yamma ya sayo siririn buroshi na waya, da sifirit, da igiya mai ƙarfi, ya yayyanka tsohon farin zanin gado ƙanana-ƙanana. Da aka tashi ya zauna a benci ya bi bindigogin ɗaya bayan ɗaya, yana zura buroshi yana jan ƙyalle, sai ƙyallen ya fito fari tas, bututun yana ɗaukar ido. A nan ne ma ya gano ciwon bindiga ta uku, wadda take ƙara kamar ta gaske tana fitar da hayaƙi: baƙin mai na inji aka ɗura mata, shi yake kamawa da zafin iska. Ya tsane shi, ƙarar ta daina. Wannan ya ƙara masa ƙarfin gwiwa. Daga ranar ya mayar da wankin farilla, kowace yamma bayan an rufe ƙofa, bindiga shida, ba fashi.

Rumfar ta yi kyau, wannan ba mai musu. 'Yan tsanar ma sai da aka yi musu wanka aka shanya. Sai dai ba a jima ba ƙorafi ya fara.

Wani mai faɗin kafaɗa ya zo da amaryarsa da hantsi, ya gyara tsayuwa kamar wanda za a ɗauka hoto, ya harba.

"Baba, ja na saita, kore ta fashe!"

"To ai ka fasa, ɗana."

"Ba ita na nufa ba!"

"Ita dai ta ji a jikinta."

Amaryar ta rufe baki tana dariya, shi kuwa bai ga abin dariya ba. Ya sake harbawa, harsashi ya tafi gefe. Ya canza bindiga, haka. Ya dangwarar da ita a kanta ya ce yanzu ya gane yadda ake cin kuɗin mutane, an karkatar da saiti. Bayansa wasu suka zo suka faɗi irin haka, har da wata malamar makaranta da ta kawo ɗalibai, wadda ta faɗi nata a hankali, ya fi zafi. Duk lokacin da aka yi, Baba Fes abu ɗaya yake cewa a ransa: akwai sauran dauɗa. Da yamma sai ya ƙara dirza.

Mai Askirim, wata mata mai yawan magana da kekenta yake jingine da rumfar, ita ta fara lura da wani abu.

"Baba, wai me ya sa 'yan tsanarka ba sa fita sai rana ta yi sanyi? Kunya suke ji?"

"Kamar yaya?"

"Ai duk wanda ya bar wurinka wurina yake faɗowa. Na safe da fushi suke zuwa, in sayar musu na huce haushi. Na yamma da 'yar tsana a hammata, in sayar musu na murna. Ni duka ciniki ne, don dai kai nake ji."

"Masu hannu ne suke zuwa da yamma," in ji shi. Amma maganar ta zauna masa a ƙirji.

Ana cikin haka Manajan wurin ya zo, matashi ne mai tarin makullai a ƙugu da waya da ba ta barin kunnensa. Ya gaishe da Baba Fes da ladabi, sannan ya ce ƙorafi ya yi yawa a ofishinsa, har wani ya ɗauki hoton rumfar yana yaɗawa cewa a nan ake cuta.

"Ni? Cuta?" in ji Baba Fes. "Ranka ya daɗe, ni da ko allurar asibiti ban taɓa kaiwa gida ba?"

"Baba, ban ce kai ba ne. Amma sunan wurin nan a wuyana yake. Ranar Asabar kafin a buɗe ƙofa zan zo in harba da hannuna, na ɗan iya tun ina makaranta. In bindigogin suna zuwa inda aka saita su, shi ke nan. In ba sa zuwa, akwai mai gidan roba na tsallen yara da ya daɗe yana neman fili. Ka yi haƙuri."

Duk wannan Yaya bai sani ba. Baba Fes yana zuwa duba shi, ya zauna a bakin gado, Yaya ya ce, "Kasuwa?" shi kuma ya ce, "Sai godiya." Daga nan Yaya ya koma kallon bango.

Ranar Juma'a da yamma Baba Fes ya yi wa bindigogin wankin da bai taɓa yi musu ba. Ya dawo gida hannunsa yana warin sifirit, ya zauna gaban abinci yana kallonsa.

"Malam, abincin ma wanke shi za ka yi?" in ji Maman yara.

Ya gaya mata komai, har da maganar Mai Askirim. Ta saurara har ya gama, ta rufe kwanon.

"Tashi mu je wurin Yaya."

"Ke kam! In ciwonsa ya tashi fa?"

"Hannunsa ne ya shanye, ba kansa ba. Kun mayar da bawan Allah kamar hoton bango, kowa ya zo ya kalla ya ce sannu ya wuce. Mutum ya yi rabin rayuwarsa da bindigogin nan, kai da ka zo jiya kana ɓoye masa ciwonsu?"

Suka bi ta rumfar ya kwance bindiga ɗaya ya naɗe ta a buhu. Matar Yaya ta buɗe musu, ta yi mamakin ganinsu tare da kaya. Yaya yana kwance, ƙwallon robar da likita ya ba shi tana ƙarƙashin gado inda ta gangara. Baba Fes ya zauna, ya yi ta kewaye-kewaye, sai Maman yara ta faɗi maganar a jimla uku.

Yaya ya miƙo hannun hagu. "Karya ta... in gani."

Baba Fes ya karya bindigar, ya riƙe masa bututun saitin ƙwan fitila. Yaya ya rufe ido ɗaya ya leƙa, ya daɗe yana leƙe. Sai kafaɗarsa ta fara girgiza, wani sauti yana fita daga maƙogwaronsa. Baba Fes ya tsorata, ya ɗauka kuka ne ko ciwon ne ya dawo. Matar Yaya ce ta gane, daga bakin ƙofa ta ce, "Dariya yake yi. Wallahi dariya yake yi."

"Ka yi mata... tiyata," in ji Yaya, hawaye yana gangaro masa ta gefe ɗaya. "Sau nawa?"

"Kullum."

"Kullum!" Dariyar ta sake kama shi, sai da aka ba shi ruwa.

Da ya nutsu ya yi bayani, kalma ɗaya tana jiran 'yar'uwarta, ba wanda ya katse shi. Ya ce cikin bututu ba santsi ba ne kamar yadda ido yake gani, akwai 'yan ramuka da kaushi da sai harsashi ne ya san da su. Kowace ƙwaya ta wuce takan bar ɗan shafen dalma, a hankali ramukan su cike, hanya ta kwanta, daga nan duk ƙwayar da ta biyo sai ta bi sawun ta gabanta. In ka kankare wannan shafen, kowace ƙwaya hanyarta take kamawa, har sai bututun ya sake shan dalma.

"Tokar da ka gani... ba dauɗa ba ce. Shimfiɗa ce. Kai kullum... kana naɗe musu shimfiɗa."

Baba Fes ya shiga lissafi. Da safe bututu a kankare, harsashi yana yawo. Mutane su yi ta harbi har yamma, hanya ta kwanta, 'yan tsana su fara fita. Sannan shi ya zauna da buroshinsa ya rushe aikin yini guda.

"To ba a wanke su ke nan sam?"

"Ana yi. Sai ta roƙa." Ya ce in ka ga ramukan harbi sun fara bajewa a takarda alhali saiti lafiya lau, to dalmar ta yi yawa, lokacin ne za ka ja ƙyalle daga baya zuwa gaba, sau biyu ko uku, a hankali, kada igiya ta goge bakin bututun, don in bakin ya ci rauni bindiga ta gama. Buroshin waya kuwa ya kai shi gida a wanke kwalabe.

Baba Fes ya sunkuyar da kai, amma bai iya haƙura ba. "To baƙin man da aka ɗura wa ta ukun fa, har tana hayaƙi? Shi ma shimfiɗa ne?"

Yaya ya kalli silin. "Ba ni ba ne."

"Yaya."

"To... ni ne. Wannan ka yi daidai."

"A rubuta ranar nan," in ji Maman yara. "Yaya ya ce ƙanensa ya yi daidai."

Saura matsalar gobe. Baba Fes ya tambayi harbi nawa bututu yake buƙata kafin ya dawo hayyacinsa. Yaya ya ce kowace da halinta, wata talatin ta ishe ta, wata sai hamsin ko fiye. Ta biyun mai sauƙin kai ce. Ta ƙarshen kuwa, mai tsagaggen katako, taurin kanta irin na wani ne da ba zai faɗi sunansa ba tunda yana zaune a bakin gadonsa. Baba Fes ya shafa kafaɗarsa. Ɗana bindiga ɗaya sau goma ma yana ji a ƙashinsa, balle shida, kafin Manaja ya iso.

"Ni ina da hannu biyu," in ji Maman yara. "Ba sai an iya saiti ba, ko?"

"Yashi kawai... za a harba," in ji Yaya. Ya dubi hannunsa na dama da yake kwance a kan bargo. "Ku zo... ku ɗauke ni da safe."

Matar Yaya ta juya da sauri ta shiga kicin, aka ji ta tana ta motsa kwanukan da ba su buƙatar motsi.

Gari na wayewa suka sa Yaya a tasi, keken marasa lafiya a but. Mai tikitin ƙofa da ya gan shi ya saki tsintsiyar da yake riƙe da ita ya rugo, yana cewa ashe rai kan ga rai. Kafin su kai rumfar labari ya zagaya. Mata biyu masu shara suka ajiye kwandunansu, Mai Askirim ta bar kekenta a kulle, mai tikiti ya ce shi ma a ba shi ɗaya, ya shekara yana jin ƙarar abin nan bai taɓa taɓawa ba.

Baba Fes ya manna fararen takardu a allo maimakon balan-balan, ya tsaya ya kafa doka kamar a ɗakin tiyata: bakin bindiga kullum wajen yashi, ba mai tsallaka kanta sai an ajiye duka, kuma ba mai kai hannu baki sai ya wanke da sabulu, ga bokiti nan. Yaya ya yi tsaki.

"Yi tsakinka," in ji Baba Fes. "Bututu naka ne, na sallama. Amma dalma guba ce a cikin mutum, wannan ni na sani."

Aka fara. Karya, ɗana, sa ƙwaya, mayar, tas. Yaya yana daga kekensa yana ba da umarni da hannun hagu. Ɗaya daga cikin masu shara ta ce ashe ɗana abin nan ya fi daka wuya. Maman yara kuwa in za ta ja kunama sai ta runtse ido duka biyu ta kau da kai.

"Hajiya, ido ɗaya ake rufewa!" in ji Mai Askirim.

"Ni biyu Allah ya ba ni, kuma duka tsoro suke ji."

"To wa kike harbi?"

"Na sa fuskar wani a raina, ba ruwanki."

"Baba, ka ji fa!"

"Na ji," in ji Baba Fes. "Tunda ido a rufe take yi, ban damu ba."

Can Yaya ya ce a matso da shi jikin kanta, a ɗora masa ta biyun a kan matashi. Baba Fes ya ɗana masa ya gyara. Yaya ya ɗauko hannunsa na dama da na hagu, ya ɗora shi, ya saƙala yatsa a kunama. Kowa ya ci gaba da abin da yake yi kamar bai gani ba, sai dai harbin ya ragu. Yatsan ya yi rawa, ya tsaya, ya sake rawa. Gumi ya tsattsafo a goshin Yaya. Sai aka ji tas.

"Sake ɗanawa," ya ce, bai kalli kowa ba.

Bindigogi biyar sun fara haɗa ramukansu wuri ɗaya, ba a kai ga ta ƙarshen ba, sai ga ƙarar makullai. Manaja ya riga lokacin da ya faɗa. Ya tsaya yana kallon ma'aikatansa riƙe da bindigogi.

"Yau kuma yaƙi za mu tafi ban sani ba?"

Ya gaishe da Yaya, ya yi masa ya jiki, sannan idonsa ya sauka a kan mai tsagaggen katako da take ajiye a gefe ita kaɗai. Ya ɗauke ta.

"Wannan da aka ware, da ita zan fara."

Maman yara ta dubi mijinta. Baba Fes ya matso.

"Ranka ya daɗe, wannan ƙarya za ta yi maka yanzu, gara in faɗa maka kafin ka harba. Ni na jawo. Wanke su nake yi kullum har na cire abin da yake daidaita harsashi, jiya Yaya ya fahimtar da ni. Waɗancan mun yi ta harba su tun safe sun dawo. Wannan ba mu kai gare ta ba."

"Wato tsabta ce ta ɓata bindiga." Manaja ya ɗan yi murmushi. "Baba, na ji uzuri iri-iri a ofis, wannan sabo ne."

Aka manna sabuwar takarda mai ɗigo baƙi a tsakiya. Ya jingina gwiwar hannu a kanta, ya saita da kyau, da gani ya iya. Harbi biyar, ramuka biyar, ɗaya a sama, ɗaya can gefe, faɗin faranti. Ya ajiye bindigar.

"To ka gani, Baba. In ni ne na biya kuɗi, me zan ce?"

"Abin da suka ce za ka ce. Amma ka ci gaba, harsashin kyauta ne. In ba ta canza a hannunka ba, ni da kaina zan kwance rumfar."

Manaja ya duba agogo. Daga keke Yaya ya ce, "Ko hannun... ya gaji ne? Matar ƙanena... ta yi arba'in."

Masu shara suka kwashe da dariya. Manaja ya cire kwat ɗinsa ya miƙa wa mai tikiti, ya naɗe hannun riga.

Bayan kowane 'yan harbi Baba Fes yakan sa a ajiye bindiga, ya je ya ciro takardar ya jera ta a kanta kusa da ta baya, ya manna sabuwa. Takarda ta biyu ba ta fi ta farko ba. Ta uku ramukan suka matso kamar faɗin tafin hannu. Ta huɗu tafin hannu. Ta biyar ma tafin hannu, har ɗaya ya fita. Wayar Manaja ta yi ƙara a aljihun kwat, ya ce a bar ta. Maman yara tana motsa leɓe ba sauti. Baba Fes ya sunkuya wajen kunnen wansa.

"Yaya, ko na kashe ta ne da buroshin nan?"

"Na ce maka... taurin kai. Jira."

Takarda ta gaba ramukan suka taru a ƙasan ɗigon kaɗan, wuri ɗaya, murfin kwalba zai rufe su. Ta bayanta suka cinye ɗigon, har biyu suka shiga rami ɗaya. Mai Askirim ta buga shewa. Manaja ya tsaya yana bin takardun da ido daga ta farko zuwa ta ƙarshe, yana murza kafaɗa. Sai ya ɗauki bindiga ta huɗu, ya harba uku, duka a ɗigo. Ya ɗauki ta farkon, haka.

"Hannu ɗaya, ido ɗaya, bindiga ɗaya," ya ce yana nuna jerin takardun. "Da ba ni na harba ba, da na ce dabo ne." Ya karɓi kwat ɗinsa. "Zan ce wa mai gidan roba ya duba can wajen wurin ajiye motoci. Takardun nan kada ku yar, ku manna su a nan gaba, duk mai ƙorafi ya gani. Rumfa taku ce."

Baba Fes ya kama hannun Manaja da hannu biyu yana godiya. Sannan ya nuna masa bokiti, Manaja ya wanke hannu ba musu ya tafi.

Yaya ya jingina da kekensa, ya gaji liƙis, amma fuskarsa a sake take.

"Gobe... ka zo da wuri."

"Gobe ma za ka fito?"

"Kai kaɗai... zan bar wa su?"

Daga can aka ji ƙarar buɗe babbar ƙofa, da hayaniyar yara suna rige-rigen shigowa. Mai tikiti ya zabura ya ruga wurin aikinsa. Sai a lokacin Baba Fes ya dubi allo, ba balan-balan ko ɗaya a jikinsa, famfon hurawa kuma ya manta shi a gida. Ya zazzage jakar balan-balan a kanta, ya tura wa matarsa rabi.

"A'a, Malam," in ji Maman yara. "Hannu na yi alkawari, ban ce da huhu ba."

Ta faɗa tana zaɓo ja daga ciki, ta ɗauraye hannu a bokiti, ta ja dogon numfashi.